Yadda Munzali Ya Rabu da Giwan Ruwa

Duk wanda ya zauna a unguwar Gwadangaji ta Birnin Kebbi ya san Munzali, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Shagon taki da maganin feshi ne da shi a bakin titi, amma sunan da ya raɗa wa kansa Injiniya ne, ko da yake ba a taɓa ganin ya gyara ko fitilar hannu ba. Yana kuma da mota. Gadonta ya ci daga kawunsa, wanda shi ma ba sabuwa ya same ta ba. Munzali yana kiranta Giwan Ruwa, wai yadda take ratsa titi haka babban kifin nan yake ratsa kogin Argungu. Mutanen unguwa kuwa Ku-Tura suke ce mata.

Halinta sananne ne. Ba ta tashi sai an tura ta, kuma in ta tashi ba ta tsayawa, domin birkinta ya riga kawun Munzali barin duniya. Saboda haka ne ya sa aka juye masa tarin yashi a jikin katangar gidansa, kusa da ƙofa. In ya dawo daga yawo sai ya saita hancinta cikin yashin, ta nutse ta yi shiru, sannan 'yan majalisar gindin dogonyaro su taso su jawo ta, su cusa ta a mashigar gidan. A nan take kwana, ta cike ƙofa fam, mai shiga sai ya yi kaikaice ya tsotse ciki.

Ana cikin haka aka sa ranar aurensa da Riskuwa, wata yarinya mai sanyin magana a Argungu. Gwaggonta Laure, wadda ita ce uwar biki, ta zo ganin ɗakin amarya don ta san irin kayan da zai ɗauka. Gwaggo Laure mace ce mai faɗi, ba ta saba tafiya a kaikaice ba. Ta kai rabin mashigar, bambar motar ta kama mata sabuwar atamfa, ta tsarge ta tun daga ƙugu har gwiwa. Wani ɓera ya leƙo ta tagar baya, ya dube ta, ya koma.

Gwaggo ta wuce ciki, sai da ta gama auna ɗaki da mayafinta, ta auna ƙofar gida, ta girgiza kai. Sannan ta juyo.

“Munzali, wagga aba mi taka yi nan?”

“Hutawa take, Gwaggo. Jiya-jiyan nan ta dawo daga Augie.”

“A ture,” in ji maƙwabcinsa Clement mai walda, ta saman katanga.

Gwaggo ta riƙe yagaggen zaninta da hannu ɗaya, ta nuna shi da ɗayan. “Saurara. Ɗiyata ba ta shiga gidan miji a kaikaice kamar kaguwa. Ranar jere in na zo na iske wagga mota da sunan taka ce, ko bakin ƙofa ko cikin layi, to ni da kayan ɗiyata Argungu muka komawa. A ɗaga biki sai an yanke shinkafa.”

Shinkafa kuwa a lokacin ko kai ba ta fitar ba.

Munzali ya yi dariya irin ta manya. “Gwaggo, ai abin da ya hana ni rabuwa da ita, tsoron rigima. Ranar da na ce zan sayar, sai an kira 'yan sanda sun raba mutane a layin ga.”

Da yamma ya kira Riskuwa ya ba ta labari, ya ƙara gishiri inda ya ga dama. Ta saurare shi har ƙarshe. Ita wannan motar ce ta kawo mata shi. Wata rana ce da zafi ta mutu a daidai ƙofar gidansu, tana huci, ya yi sallama yana neman ruwan lagireto. Riskuwa ta kawo masa a kwanon sha, ya shanye rabi yana kallonta, ya zuba wa motar rabi. Tun daga ranar, duk zuwan da zai yi Argungu, a daidai wannan wurin take mutuwa.

“Ni dai ban ce a kore ta ba, Direba,” in ji ta a hankali.

“Kar ki damu kanki. Kafin Juma'a ta zama tarihi.”

“Ka ji mi nic ce?”

“Na ji. Tarihi.”

Mai saye na farko shi ne Abdussamadu, ɗan kasuwar albasa daga Augie, yana neman abin da zai riƙa kai masa buhuna kasuwa. Munzali ya sa babbar riga ya tare shi, 'yan majalisa suka gyara zama.

“Alhaji, ka ga wagga? Ba ta san gargada ba. Ta taɓa ɗaukar mutum goma sha da akuya, akuyar ce ma ta gaji.”

“Tada ta in ji.”

“Ita ba a tada ta da makulli kamar ƙananan motoci. Jama'a, bismillah.”

Aka taso aka tura. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta saki baƙin hayaƙin da ya kori kajin layin gaba ɗaya, sannan ta ɗauka. Abdussamadu na gidan gaba yana riƙe da ƙyaure. A kwanar farko ya ga ƙyauren ya biyo shi ciki, sai ya rungume shi a cinya. A kwana ta biyu hon ya maƙale, suka ratsa unguwa kamar masu kai mara lafiya asibiti, mutane na darewa suna yi musu sannu. Ɓeran nan ya fito ya zauna a kan gwiwar baƙo.

“Taka birki, Malam.”

“Yanzu za ka ga fasaha.”

Munzali ya shawo kwanar layinsu, ya saita yashi, ta nutse. Hular Abdussamadu ta yi gaba ta bar shi. Ya fito a hankali, ya jingina ƙyauren a jikin katanga, ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe.

“Da yashin kaka saida ta?”

“Yashin daban ne.”

“To ni kowace kasuwa zan je sai na aika tifa ta riga ni?”

Ya tafi bai waiwayo ba. Munzali ya juya ga majalisa ya ce, “Ni na hana shi. Ban ga alamar zai riƙe ta da mutunci ba.”

Clement ya ce, “Gaskiya ne, Injiniya. Ƙyauren ma da ƙyar ya riƙe.”

Washegari Clement ɗin ne ya ba shi shawara ya kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Aka kira Hodi, wani siririn mutum da bai cika magana ba. Ya zo da guduma da sikeli a kura. Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya leƙa ƙarƙashi.

“Zan ɗauka,” ya ce. “Yau ɗin nan zan sassare ta. Dama gawa ce.”

Da Munzali ya yi shiru a wannan lokacin, da labarin ya ƙare. Amma majalisa ta cika, har da masu wucewa.

“Mi kac ce?”

“Gawa. Mu aikinmu ke nan, matattu muke saye.”

“Malam Hodi, ka iya bakinka. Wagga motar da kaka gani ta fi ka lahiya.”

Clement ya jawo masa riga. “Injiniya, bar shi ya ce gawa. Gawar muke so.”

“Baban Mirabel, sake ni. A gaban idona za a zagi Giwan Ruwa? Jama'a, ku tura.”

Aka tura. Ranar kuwa kamar ta san ana maganarta, taku kaɗan ta ɗauka, da wata irin murya mai daɗi da ba a taɓa jin ta da ita ba. Munzali ya zagaya unguwa da hannu ɗaya a waje, ya sake zagayawa, yana ɗaga wa mata masu tallan fura hannu. Da ya dawo ya nutse a yashi, ya fito yana gyara hula, sai ya ga Hodi ya mayar da guduma cikin kura.

“Ka gani da idonka?”

“Na gani. Allah shi ba ta tsawon rai. Ni ba ni sare mai numfashi, kai ta wurin dillalai.”

“Tsaya mana. Ai ba kullum take haka ba. Yawanci gawa ce.”

“Yanzu kac ce ta fi ni lahiya.”

Hodi ya tura kurarsa ya tafi. Wani dattijo a majalisa ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa.

Kwanaki na tafiya. Daga Argungu aka aiko cewa kafinta ya gama gado da wadirob. Munzali ya kwana yana tunani, ya tashi da dabara. Bayan la'asar, da majalisa ta cika, ya miƙe tsaye ya yi gyaran murya.

“Jama'a ku shaida. Shekara da shekaru ina zaune da wanga bawan Allah, Clement, ban taɓa jin abin ƙi daga gare shi ba. Yau na ba shi Giwan Ruwa kyauta, har abada, don zumunci.”

Ya danƙa masa makulli a hannu ya rufe da nasa hannun, don kar ya faɗi. A gaban jama'a ba a mayar da kyauta. Clement ya dubi makullin, ya dubi Munzali, ya yi godiya mai tsawo har da dafa ƙirji. Aka tura motar zuwa gaban shagon walda. Munzali ya shiga gidansa a miƙe, ya fito, ya sake shiga, don daɗi kawai.

Da hantsi ya ji guɗa a ƙofar gida. Ya fito ya tarar da Paulina matar Clement da matan layin, da 'yan majalisa, da Giwan Ruwa a tsakiya. An wanke ta tas, an mayar mata da ƙyaurenta da walda, an ɗaura mata jan ƙyalle a goshi.

Clement ya yi gyaran murya irin ta Munzali. “Jama'a ku shaida. Maƙwabcina zai yi aure. Ni da Maman Mirabel mun duba duk abin da muka mallaka, ba mu ga abin da ya kai darajar wannan mota ba. Ga gudummawarmu ta biki.”

Paulina ta ce, “Allah ya sa alheri, ango. Ka kai amarya yawo.”

Gudummawar biki kuwa ko kare ba ya mayarwa. Munzali ya karɓi makulli yana murmushin da bai wuce haƙora ba, ya ce, “Baban Mirabel, Allah shi saka maka da irin abin da ka yi min.”

“Amin, amma ba da mota ba.”

Daga nan ya yanke shawarar yar da ita. Ya kai ta can bayan kasuwa, ya cusa ta a wani tudun shara, ya fito ya kama tafiya kamar bai san ta ba. Bai yi nisa ba ya ji ana kira.

“Injiniya, ta mutu ne? Haba, ai ba ka faɗa ba.”

Wasu masu faskare ne da mai shayi. Mutanen garin nan ba su iya ganin mota a tsaye da mai ita a ƙasa su wuce ba.

“A'a, ku bar ta. Iska take sha.”

“Kai dai kunya gare ka. Shiga.”

“Wallahi ba na son—”

Suka ɗaga shi cak suka zaunar a bayan sitiyari, suka tura, ta tashi. Suna ɗaga masa hannu, yana ɗaga musu, hawaye na neman zubo masa.

Karo na biyu ya kai ta hanyar fita gari, ya cire lambarta ya cusa a riga, ya diro ya sheƙa da gudu ta cikin gonaki. Ya yi zagaye mai nisa a ƙasa, ƙaya ta cika masa wando. Da ya iso gida ya tarar ta riga shi. 'Yan keke mai ƙafa uku ne suka gan ta, suka ɗaure ta da igiya suka jawo ta har mashigar gidansa. Suna zaune a inuwa suna jiransa.

“Injiniya, mun tsinci motarka. Ɓarayi har sun cire lamba, Allah ya sa mun zo da wuri.”

Lambar ta zame daga cikin rigarsa ta faɗi ƙasa da ƙara. Kowa ya bi ta da kallo. Clement ya sunkuya ya ɗauka, ya duba gaba da baya.

“Kun ga jarumi. Har ya kamo ɓarawon ya ƙwato.”

Dole Munzali ya sayo wa 'yan keke lemo, ya kuma ba da labarin yadda suka yi kokawa da ɓarawon a cikin gona. Kafin ya gama, ɓarayin sun zama uku.

Ana gobe jere ya tashi da babbar dabara, wadda ya ce wa majalisa ko a jami'a ba a koyar da ita. Matsalar, in ji shi, ita ce duk Birnin Kebbi an san Giwan Ruwa. Zai kai ta can bayan Augie, cikin fadama, inda ba a san shi ba, ya bar wa manoma su cire injin su yi ban ruwa da shi.

“Sadaka mai gudana,” ya ce.

“In ta gudana,” in ji Clement.

Aka tura shi, aka yi masa addu'a. Tafiya ta yi kyau har Argungu. Munzali ya yi niyyar wucewa ta babban titi, amma ya iske an tare hanya ana sauke buhunan shinkafa daga wata babbar mota, shi kuwa ba mai iya tsayawa ba ne. Ya karya sitiyari ya faɗa layin da ya samu. Layin ya kai shi wani layin, wanda hannunsa ya sani ko da ido rufe. Rairayi ya kama tayoyi, Giwan Ruwa ta yi tari ɗaya ta mutu a daidai ƙofar gidan su Riskuwa.

Rana ta take, layin ba kowa. Daga cikin gida ana jin muryar Gwaggo Laure tana ba da umarni. Munzali ya sauko a kan yatsun ƙafa, ya ga tarin karan shinkafa da aka ajiye wa dabbobi, ya dinga ɗiba yana lulluɓa wa motar har ta koma kamar rumbu mai tayoyi. Makulli ma a jiki ya bar shi. Ya lallaɓa ya fice, ya hau motar haya ya koma gida. Bai lura da labulen wata taga da ya motsa ba.

A Gwadangaji ya sauka kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

“An gama. Tana can bayan Augie, manoma na ta sa min albarka. Wani tsoho har kuka ya yi.”

Don ya nuna an gama ɗin, ya kira masu kura suka kwashe tarin yashin nan kaf, aka share wurin aka yayyafa ruwa. Ya tsaya yana kallon katangarsa da ya daɗe bai ga gindinta ba.

Da yamma Riskuwa ta kira.

“Direba, ka zo Argungu yau?”

“Ni? Ina can bayan Augie.”

“To. Awakinmu sun ci abincinsu sun iske mota a ciki.”

Munzali ya leƙa ko 'yan majalisa na ji, ya rage murya.

“Gwaggo ta gani?”

“Ta gani. Na ce mata kai ka aiko da ita, don kar manya su hau bayan a-kori-kura da kaya. Na ce ka ce gidan gaba nata ne.”

“Riskuwa, kin kashe ni.”

“Ka dai kwanta da wuri, gobe da aiki.” Yana jin murmushinta ta cikin wayar.

Ya so ya faɗa wa wani, amma ya riga ya ce tsoho ya yi kuka. Ya lallashi kansa da cewa Gwaggo Laure ba za ta taɓa shiga motar da ta yaga mata atamfa ba, in ma ta shiga, babu mai iya kawo Giwan Ruwa Birnin Kebbi sai shi. Da wannan ya samu barci. Yashi kuwa ko a mafarki bai tuna da shi ba.

Ranar jere layin ya cika. Matan unguwa sun fito tarbar baƙi, Paulina ta dafa shinkafa da miyar kifi, 'yan majalisa sun sa kayan Juma'a. Munzali na tsaye a bakin ƙofarsa da ta zama fili, cikin shadda mai maiƙo, yana ba da labarin fadamar Augie karo na ba adadi.

“Da na juya zan tafi, sai na ji kamar tana kirana. Na ce, Giwa, haƙuri za ki yi, kowa da ranarsa. Yanzu haka ruwa take ba albasar bayin Allah.”

Clement ya karkata kai. “Injiniya, albasar nan a layinmu take?”

Daga nesa ana jin hon da ya maƙale.

A-kori-kura ce ta fara shawo kwana, gado da katifa da wata doguwar wadirob a tsaye a bayanta. Ta gyara ta tsaya a gefe. Sai baƙin hayaƙi ya biyo, kaji suka watse, Giwan Ruwa ta bayyana da sauran karan shinkafa a kanta kamar gashi. Aminullahi yayan Riskuwa ne a sitiyari, masunci ne, ya fi sanin kwalekwale. Mata sun cika baya da kwanuka da tukwane a cinya, suna guɗa. A gidan gaba Gwaggo Laure ce, ta harɗe hannu, fuskarta kamar hadari.

Aminullahi ya san ƙa'ida, duk dangi sun sani. Ya saita hancin motar inda aka saba. Sannan ya leƙo da kai ta taga.

“Munzali, ina yashin?”

Munzali ya waiwaya ya dubi gindin katangar da aka share tas.

“Ina yashin, Munzali?”

Jama'a suka dare. Munzali ya tsaya a gabanta ya ɗaga hannu biyu kamar mai ba da hannu a titi, ya ga ba ta san shi ba, ya yi tsalle ya faɗa cikin kwata da shaddarsa. Giwan Ruwa ba gudu take ba, tafiya take irin ta basarake. Ta isa katanga ta sa mata goshi. Katangar tsohuwa ce, ta yi ɗan tunani, ta kwanta. Motar ta taka ta ta shige tsakar gida, ta je gindin bishiyar lemun tsami, ta yi wani dogon nishi, tayoyin gaba suka baje. Hon ya yi ƙasa-ƙasa ya ɗauke.

Da ƙura ta lafa, matan baya suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa na duba kwanukanta. Ko murfi bai fashe ba. Ƙyauren Gwaggo kuwa ya ƙi buɗuwa, domin da Clement ya mayar da shi, har da bakin ya liƙe. Da ma ta gefen direba aka cusa ta a Argungu, ta ce ba ta sake bi ta nan. Sai ta tagar aka zaro ta, mata huɗu na ja, Paulina na ba da umarni.

Ta tsaya da ƙafafunta. Ta gyara ɗaurin kallabi. Munzali ya fito daga kwata yana ɗiga, ya durƙusa a gabanta, unguwa gaba ɗaya ta leƙo ta inda katanga take a da.

“Gwaggo, sannu da hanya. Wato abin da ya faru—”

“An ce min tana bayan Augie,” in ji wani daga majalisa.

“Tsoho har ya yi kuka,” in ji wani.

Hodi mai gwangwan, wanda hayaniya ta jawo, ya leƙa ƙarƙashin motar ya miƙe. “Yanzu kam gawa ce. In ɗauko guduma?”

“Ɗauko,” in ji Munzali da sauri. “Gawa ce, na yarda, na sa hannu. Gwaggo, yanzun nan za a sassare ta, kafin ki sha ruwa.”

Gwaggo Laure ba ta dube shi ba. Ɓarakar katangar take kallo. Ta cire mayafinta, ta auna faɗin wurin, ta je ta auna wadirob a bayan a-kori-kura, ta dawo.

“Tun ranar da na auna waccan ƙofar na san wadirob ba ta shiga, da mota ko ba mota. Na kwana ina tunanin yadda za a yi.” Ta juya ga masu kaya. “Ku shigo da su ta nan.”

Aka ɗauko wadirob a tsaye, ta shige ba ta taɓa ko'ina ba. Mata suka saki guɗa.

Munzali ya miƙe, ya fara dawowa cikin hayyacinsa. “Ai lissafin ke nan. Tun da na ga wadirob ɗin a waya na ce sai an—”

“Durƙusa,” in ji Gwaggo. Ya koma.

Hodi ya iso da guduma a kafaɗa. Gwaggo ta tare shi da hannu.

“Ina za ka?”

“Mai mota ya ce a sare.”

“Wane mai mota? Wagga da wa ta shigo gidan ga?”

Aka dubi juna. Paulina ta ce, “Da 'yan jere.”

“To. Abin da duk ya shigo gida da 'yan jere, ko cokali ne, na amarya ne. Haka muka gada. Na ce in na iske ta da sunan tashi ce mu koma, yanzu ba tashi ba ce. Ɗiyata ta roƙe ni tun daren jiya in sa mata ita cikin kaya, na ce sai in ta shiga gidan da ƙafarta. Ga ta ta shiga.” Ta dubi Munzali daga sama har ƙasa. “Kai kuma ka taɓa ko madubinta ba da izini ba, ka ji daga gare ni. Katanga kuma kafin ɗaurin aure.”

Clement ya dafa kafaɗarsa, ya goge hannun a bango. “Barka, Injiniya. Ka rabu da ita.”

An yi biki a ranar da aka sa, shinkafa na kore shar a fadama. Inda katanga ta faɗi Clement ya ƙera ƙofa mai faɗi, wadda Gwaggo Laure take shiga a miƙe. Har yau in ka zauna a majalisar gindin dogonyaro za ka ji Munzali na bayanin yadda ya auna nauyin mota da ƙarfin katanga tun kafin ya kwashe yashi.

Giwan Ruwa tana nan a gindin lemun tsami, ba ta ƙara motsi ba. Riskuwa ta kori ɓeran, ta ɗinka wa kujeru riguna, ta shuka na'ana'a a cikin but. Bayan biki da 'yan kwanaki, Munzali ya dawo daga shago da la'asar sakaliya ya same ta zaune a bayan sitiyari, da ruwa a kwanon sha a kujerar gefe. Ya gane kwanon. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

Ya kama ƙyaure zai buɗe, ya tuna a liƙe yake, ya ɗaga ƙafa zai shiga ta taga.

“Direba,” in ji Riskuwa, “ba a shiga motar mutane ba sallama.”

Ya sauke ƙafar, ya gyara hula, ya yi sallama.

Ta ɗan yi jim kamar mai shawara, sannan ta ɗauke kwanon daga kujerar. “Shigo. Amma cire takalmi.”